Sunan Safiyya Ba Ya Cikin Takardar Shiga

Da bizar umra na shigo Jidda, ina riƙe da hannun Safiyya, lokacin tana da shekara uku. Yayarta na baro ta a Funtuwa wurin mahaifiyata, da alkawarin zan dawo kafin ta gama firamare. Yanzu tana shirin gama sakandare, a waya nake ganin yadda ta yi tsawo.

Baban Safiyya ya riga mu zuwa da shekara biyu, yana aikin ɗora kaya da saukewa a wani sito. Kafilinsa, wato Balaraben da yake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya yi masa alkawarin da mun iso zai gyara mana takardu. Muka iso, ya ce bayan azumi. Bayan azumi ya ce bayan Hajji. Bayan Hajji ya canza lambar waya. Shi Baban Safiyya ya samu ya koma hannun wani kafilin, amma ni da Safiyya haka muka zauna, muna nan amma ba a rubuce ba. Iƙama, katin nan na izinin zama, ban taɓa riƙe nawa a hannu ba.

A unguwar Nuzla muka fara sauka, ɗaki ɗaya a hawa na uku, a wani lungu da ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake ɗiga wa mutum a ka duk inda ya bi. Wata shida na farko kuka ne abincina. In na ji ƙamshin daddawa daga tagar wani gida sai in zauna a matattakala in kasa tashi. A nan Khala Zahra ta tsince ni (khala shi ne inna da Larabci). Tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanta da ƙafa ya taho Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce. Ta dube ni ta ce, "Ya binti, zama babu sana'a shi yake kawo waswasi. Kin iya ɗinki?" Na ce mun yi a makaranta. Washegari sai ga jikokinta sun hawo da keken ɗinkin ƙanwarta da ta rasu. Ba ta taɓa cewa in mayar ba.

Da aka zo rushe unguwar, aka shafa jan fenti a bangon gidanmu, muka kwashe muka raɓa a Kurayyat wata huɗu, daga nan muka gangara Khumra, bayan manyan sito-sito, inda ƙarar tireloli ba ta yankewa. Allah Ya taimake ni su Khala ma suka samu gida layi biyu tsakaninmu. Safiyya ba ta da damar shiga makarantar gwamnati, sai wata islamiyya ta cikin gida. Lissafi da Turanci ni nake koya mata da ɗan abin da na riƙe na sakandare.

Khala ce ta samo mini aikin da ya kai ni arewacin gari. Ta ce wata makarantar 'yan mata tana neman mai gyaran kaya, kwana uku a mako. Wani ɗan Nijar mai ɗaukar mata a motarsa yake kai mu, ya san hanyoyin da ba a cika tsayar da mutane ba. Sai da na shiga na ga irin makarantar. Ɗaki ne mai faɗi, bango guda duk madubi, an kafa doguwar sanda a jikinsa, 'yan mata sun jeru suna tashi a kan yatsun ƙafa kamar ba su da nauyi. Rawar bale suke ce mata. Kayan jikinsu sun matse, na sunkuyar da kai na yi ta istigfari.

Da na dawo na gaya wa Baban Safiyya, ya ce, "Akwai maza?"

Na ce, "Babu. Ko mai gadi a waje yake tsayawa."

Ya ce, "To ai ɗinki aka kira ki, ba rawa ba."

Ba na iya barin Safiyya ita kaɗai a Khumra, don haka tare muke zuwa. Ina ɗinki a ƙaramin ɗaki, ita tana bakin ƙofa tana kallo. Ban san abin yana shiga ba, sai wata rana da safe na same ta a kicin ta riƙe bakin wurin wanke-wanke, ta miƙe bayanta, tana ɗaga ƙafa a hankali tana ƙirga da Larabci kamar yadda malamarsu take yi. Na ce, "Ke, me kike yi?" Ta ce, "Umma, tsaya, saura huɗu." Dariya ta kama ni, amma da na dubi hannunta, yadda take sauke shi kamar tana ajiye ƙwai, sai dariyar ta tsaya.

Malamar sunanta Abla Mona, 'yar Masar ce, siririya mai faɗa. A madubi ta hango Safiyya tana bin su daga ƙofa. Ta kashe kiɗan ta ce, "Ke, ta'ali, zo nan. Maimaita." Safiyya ta maimaita. Abla ta zo har inda nake ta ce, "Ummu Safiyya, ki ba ni yarinyar nan." Kwana uku ina juya maganar. A ƙarshe na kafa sharaɗi: riga mai dogon hannu, da wando a ciki, kuma in an kira salla ta fita ko ana tsakiyar me. Mai makarantar, wadda kowa yake kira mudira, ta ce ta shiga ba sai mun biya ba, ta ce sadaka ce. Na yi mata addu'a har da hawaye.

Shekara biyu ana haka. A cikinsu na koyi wani abu da ban nema ba, wato hirar ɗakin jira. Nan iyayen yaran suke zama da gahawa da dabino, ni kuma in ɗakina ya yi zafi sai in fito da kalmasa in zauna a kusurwa. Mai ɗinki ba a ganinta, don haka komai a kunnena ake yi. Waɗannan mata sun san rawar nan kamar yadda mazan Funtuwa suka san ƙwallo. Suna kallon manyan ƙungiyoyin ƙasashen waje a waya, su yi ta gardama a kan wadda ta fi tsalle da wadda ta tsufa ya kamata ta ba yara wuri.

Biyu ne suka fi kowa baki. Ummu Lujain, mai hannu cike da zinare, 'yarta tana cikin manyan aji. Sai Ummu Rimas, dattijuwa, tata 'yar ta daɗe da gamawa tana jami'a, amma ita ba ta daina zuwa ba, don son abin kawai.

Ummu Rimas takan ce, "Wasan bara tun daga zaɓe ya lalace. An ɗauki yarinyar da ba ta jin kiɗa an sa ta a gaba, don kakarta ce ta kama zauren."

Ummu Lujain ta ce, "Haram alaiki, yarinyar tana da kyau. Ba ki ga wuyanta ba, dogo?"

"Wuya muka zo kallo? In wuya ne ai ga raƙuma nan a hanyar Makka, kyauta."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai mudira ba ta da laifi, makaranta ba da tafi take tafiya ba, dole a faranta wa masu riƙe da ita. Wata ta ce Abla Mona ta cika tsanani, yara suna komawa gida da kuka. Ummu Rimas ta ce, "Ita kaɗai ce ta san abin da take yi a gidan nan. Ku bar ta ta zaɓa sau ɗaya, ba da hannun kowa ba, ku ga wasa."

Wasan shekarar nan labarin wata lu'ulu'a ne da igiyar ruwa ta fito da ita bakin teku. Yarinya ɗaya ce Lu'ulu'a, sauran su ne igiyoyi da kifaye. A babban zaure za a yi, mata zalla. Ranar zaɓe Abla ta tsaya da takarda ta karanta sunaye, ta bar babban na ƙarshe. Ta ce, "Lu'ulu'a, Safiyya. Lujain za ta koyi takun ita ma, ko da wani abu ya faru."

Allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Matan ɗakin jira suka dubi juna. Ummu Lujain ta ce, "'Yar mai ɗinki?" Ba ta ko rage murya ba. Ummu Rimas ta ajiye kofinta ta shiga tafi ita kaɗai. Ina jiran mudira ta fito ta soke, sai ga ta ta fito da murmushi, ta shafa kan Safiyya ta ce, "Mabruk, habibti." Ta kuma ce daga yau Lujain ta riƙa tsayawa daidai bayan Safiyya a kowane gwaji, duk abin da ta yi ta bi. A mota na ce wa Safiyya, "Kin ga, akwai masu tsoron Allah a ko'ina."

Wata uku yarinyar nan ba ta huta ba. Yatsunta suka fashe, ina jiƙa mata su a ruwan ɗumi da gishiri, ina ɗaura mata lalle. Ummu Rimas ta kawo mata takalmin rawa na 'yarta, mai taurin baki, a cikin leda, ta tura mini a ƙasan keken ɗinki don kada kowa ya gani. Muka kira gida. Mahaifiyata ta ce, "Rawa? A ƙasar Manzo kika je kika sa jikata rawa?" Na yi ta bayani. Can ta ce, "To, juyo da wayar in gani." Safiyya ta juya sau uku a tsakiyar ɗakinmu. Na ji tsohuwa tana cewa, "Ikon Allah! Ba ta jin jiri?" Yayarta kuwa sai ihu take tana kiran maƙwabta.

Rigar Lu'ulu'a ni na ɗinka. Fara ce, na sa mata shafi mai kauri da dogon hannu, duwatsun jikinta ɗaya bayan ɗaya na dasa su da hannu. Ban auna Safiyya da tef ba, na san jikinta.

Saura kwana goma a yi wasan aka raba wa kowace yarinya takarda. A rubuta suna, a haɗo da hoton katin ɗan ƙasa ko iƙama, don masu zauren ba sa barin kowa ya hau dandamali sai sunansa yana cikin takardar shiga. Na karanta sau biyu. Na ajiye almakashi na tafi ofishin mudira.

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Ummu Safiyya, tsari ne. Ba ni na kafa ba."

Na ce, "Amma kin san ba mu da shi. Tun ranar da na fara aiki na gaya miki."

Ta ce, "Na ɗauka kun gyara." Tana maganar tana duba waya.

A matattakala Ummu Rimas ta tare ni. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Duk shekara ana neman takardar nan. Duk shekara. Mudira ta san da ita tun ranar zaɓe."

Na ce, "To me ya sa ta bari? Me ya sa ta ce mabruk?"

Ta ce, "Lujain ba ta koyo da baki. Abla ta nuna mata sau nawa bai zauna ba. Sai ta ga wata tana yi a gabanta take kamawa. A bayan 'yarki ta koya. Wallahi ni ma sai yau na gane, da na yi magana."

Abla Mona ta shiga ofis, muna jin muryarta har ɗakin jira. Ta fito idonta jajir. Ta ce mini, "Ban sani ba, na rantse miki. Takardu ba su taɓa biyowa ta hannuna ba." Na yarda da ita. Ita ma mudira ce kafilarta, iyakar faɗanta ke nan.

Da labari ya kai wa Khala Zahra, da la'asar sai ga ta a ɗakinmu tana haki, ta ciro kati daga jakarta ta ajiye a kan keken ɗinki. Iƙamar jikarta Amal ce, sa'ar Safiyya, har kama suna yi.

Ta ce, "Yalla, ɗauki hotonsa ki tura. Rana ɗaya ce. In an kira Amal ta amsa, halas, shi ke nan."

Safiyya tana tsaye a bakin ƙofa, fuskarta ta haskaka kamar an kunna fitila. Na dubi katin. Na ce, "Khala, bari in yi shawara."

Baban Safiyya ya ce, "In aka gane, ba mu kaɗai za a kama ba, har Khala da jikarta, mutanen da suka rufa mana asiri. Amma ke kika san wurin. Abin da kika yanke shi ne." Na yi istihara. Na kwana biyu katin yana ƙarƙashin Alƙur'anina, ban ɗauki hotonsa ba. Mudira ta san fuskar Safiyya ta san sunanta, Ummu Lujain ma haka, baki ɗaya ya isa. Ban da wannan, yarinyar da nake dukan hannunta in ta ce ba ita ta sha madara ba, yau ni zan tsayar da ita in koya mata amsa sunan da ba nata ba?

Rana ta uku na mayar wa Khala katinta. Ranta ya ɓaci.

Ta ce, "Kowa yana yi, ya binti! Da katin aro Hauwa ta bayan layinku ta haihu a asibiti. Ke kin fi mu tsoron Allah ne?"

Na ce, "A'a, Khala. Waccan rai ne. Wannan rawa ce kawai."

Ban san Safiyya ta biyo ni ba. Na juya na gan ta a bayana. Ta ce, "Rawa ce kawai, Umma?" Ba ta ɗaga murya ba. A hanya ta ce, "Allah zai ƙona ni don na ari suna rana ɗaya?" Na kama hannunta muka ci gaba da tafiya. Har muka isa gida ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Aiki bai tsaya ba. Mudira ta aiko a gyara rigar ta dace da Lujain. Yarinyar ta shigo ɗakina ta tsaya, na warware ƙugun na ƙara faɗi, bakina cike da fil. Tana kallon ƙasa ta ce, "Khala, ni ban ce a cire ta ba. Ina jin tsoro. In ba ta gabana mantawa nake." Shekararta goma sha uku kacal. Na cire fil daga bakina na ce, "Ki yi bismillah kafin ki fita. Allah zai riƙe ki." Me zan ce mata? Ba ita ta yi mini ba.

Ranar wasan muna Khumra. Ni ma ba ni da sunan shiga, wata aka samo ta tsaya da allura a bayan labule. Na dafa wa Safiyya dambun shinkafa da take so, ta ci loma biyu. A irin taron nan ana karɓe wayoyi a ƙofa, don haka babu hoto babu komai. Washegari da hantsi Ummu Rimas ta kira. Safiyya ta ce in buɗe muryar ta ji.

Ummu Rimas ta ce, "Zaure ya cika. Lujain ta yi ƙoƙari, ba ta faɗi ba, an tafa mata. Uwarta tana ta rabon alewa, wasu suna cewa ba a taɓa wasa kamar na bana ba. Amma a jujjuyawar ƙarshe, inda Lu'ulu'a take saura ita kaɗai, sai yarinyar ta tsaya ta waiga, tana neman wadda za ta bi. Kiɗa ya wuce ya bar ta. Waɗanda suka sani sun gani." Ta ja numfashi ta ce, "Ni na gama da gidan nan. Ki gaishe mini da Lu'ulu'ata."

Safiyya ta ce a hankali, "Na gaya mata ta riƙa kallon wuri ɗaya in za ta juya." Ta faɗa da tausayi, ba da jin daɗi ba.

Bayan mako guda Abla Mona ta aiko cewa Safiyya ta dawo aji, za ta ci gaba da koya mata ko mudira ta so ko ta ƙi. Na kai mata saƙon tana wanke kwanuka. Ta ce, "In na koma, baɗi ma a bayana wata za ta tsaya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki ce mata na gode."

Ni dai har yau ina zuwa ɗinkin, don da shi muke rufa wa kanmu asiri. Ina zama a kusurwa, ina jin an fara gardamar wadda za a ba babban matsayi a wasa mai zuwa. Khala ta huce, ta dawo tana kawo mana burodi da safe, amma ba mu ƙara tayar da maganar ba. A sujada nakan tambayi Ubangijina ko daidai na yi. Wani lokaci zuciyata ta natsu, wani lokaci ta ƙi.

Kwanan baya Baban Safiyya ya fara maganar mu tattara mu koma gida. Safiyya ta ji. Da ya fita aiki ta zo ta zauna kusa da keken ɗinki ta ce, "Umma, in mun koma Funtuwa, ni 'yar can ce?"

Na ce, "'Yar can ce ke, gaba da baya."

"Za a rubuta sunana a takarda? Nawa na kaina?"

"Za a rubuta. Har makaranta za ki shiga da yayarki."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗan jima tana wasa da zare a yatsanta, sannan ta ce, "A can akwai inda ake rawar?"

Na ce, "Babu, Safiyya."

Ta ce, "To." Ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta fara share ƙyallayen da suka zuba a ƙasa.